Amsa a Kan Lokaci

Allon kwamfutar ya sake yin baƙi. Tsohuwar manhajar ta ƙi yarda da na'urar. Mutumin da ke zaune a gabanta ya ja hular hana-sallarsa ƙasa, ya koma farkon rubutun.

Maƙwabta a unguwar Romi sun san shi da Wilfred, ƙanen Celina da ya zo daga Legas. Rigar da ke jikinsa ta mai gidan ce, Shekari, mijin Celina, kuma ta matse shi a kafaɗa. Shi kuwa Shekari yana Abuja, hanya ta rufe, an kafa dokar hana fita. Sojojin da suka koma bariki da aka miƙa mulki ga farar hula sun dawo kan gadar Kaduna, ba mai hayewa.

Aikin da ke gabansa ba na sayarwa ba ne. Manhaja ce mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaɓa da gaɓa, ta yadda shirin da aka rubuta wa injin da ya daɗe da mutuwa zai zauna cikin sabo, ko Windows ne a kansa ko Linux, ya ɗauka yana gida. Kowa na iya buɗe rubutun ya gyara. Akwai masu sa hannu a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Gyaran da aka yi a gidan nan a faifai ake kai shi shagon intanet na Sabon Tasha. Yanzu faifan na kan tebur, kusa da kwanon shinkafar da ta huce tun rana.

Zance ya zaga unguwa cewa ranar da rikici ya ɓarke an ga wani Bahaushe, Isiyaku, abokin Shekari tun makaranta, ya sauka daga acaɓa a bakin layin nan, kuma ba a ga fitarsa ba. Zancen gaskiya ne. Isiyaku yana cikin gidan. Celina ta sa wa sito kwaɗo, ta rataye mabuɗin a wuya. A bayan gidan kuwa har yanzu akwai ƙaurin ƙonannen yadi.

Da la'asar sakaliya ya gano kuskuren. Tsohon shirin yakan tambayi na'ura, wace ce ke? Kwaikwayon yana ba da amsa daidai, harafi da harafi. Amma shirin ba amsar kaɗai yake saurare ba, yana auna saurinta. Na'urar gaske ba ta tunani kafin ta faɗi sunanta, kuma ba ta motsi idan an kira wata. Ɗan jinkirin nan ne yake tona asiri.

Yana cikin gyarawa aka buga ƙofa da ƙotar gatari.

"Anti Celina, ki buɗe! Dubawa kawai za mu yi."

Monday ne, bakaniken bakin layi, da samari a bayansa. Celina ta tsaya a ƙofa.

"Monday, kai da na goya? Da gatari za ka shigo min falo?"

"Anti, bar wannan magana. Sun ƙone shagon yayana a hayin can."

Suka ture ta suka shiga. Suka leƙa ƙarƙashin gado, suka zunguri silin da sanda. Monday ya tsaya a kan mai kwamfutar.

"Oga, gari na ci da wuta, kai kana buga gem?"

Bai ɗago ba.

"Ƙanena ne," in ji Celina. "Ɗan Legas. Ko yarenmu ba ya ji, balle Hausa. Ka ga abincinsa can. In ya kama wannan abin ko ci ba ya yi."

Idon Monday ya sauka kan mabuɗin da ke wuyanta. Ta dafe shi da hannu biyu. Ta roƙa, ta rantse da kabarin uwarta, ta tare ƙofar siton da jikinta har sai da mutum biyu suka janye ta. Gatari ya sauka kan kwaɗon.

Buhun masara, jarkar manja, tsohon keken ɗinki.

Monday ya dawo tsakiyar falo yana huci. Ya yi wa samarin alama da hannu, suka tsaya. Sannan ya ɗaga murya, irin kiran da aboki ke yi daga nesa.

"Isiyaku!"

Ba abin da ya motsa a silin. Yatsun da ke kan madannai suka ci gaba da tafiya kamar yadda suke.

Monday ya juya zai fita, har ya kai bakin ƙofa, sai ya ce a hankali, "Wilfred."

Kafin ya rufe baki mai kwamfutar ya waigo, ya tambaye shi da Turanci ko akwai matsala.

Monday ya dube shi, ya dubi kwaɗon da ya fasa. "Anti, zan kawo miki wani," ya ce. Suka wuce gida na gaba.

Mutumin ya goge layukan da ya rubuta suna ciki, don ba ɗaya mai ma'ana. Ya sake rubuta gyaran, ya kunna. Tsohon shirin ya yi tambayarsa, ya sami amsa a kan lokaci, ya buɗe sarai kamar ya dawo gida. Ba wanda zai iya aika wa labari. Bai san ranar da za a buɗe gada ba.

Celina ta sa sakata. Ta daɗe a tsaye jikin taga tana kallon yamma ta gefen labule, har jan sama ya dushe. Ta ɗebo ruwa a kofi, ta ajiye kusa da madannan, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Rana ta faɗi, Malam Isiyaku. Ka sha ruwa."