Gwanin Lissafin Tanki

Kafin a gama raba tambayar, Nazir ya riga ya auna duk mutanen da ke ɗakin, kuma bai ga tsaransa ba. Wani da kwat ɗin aro, wani gumin motar Kubwa bai ko bushe masa a wuya ba. Ya taɓe baki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Wani kamfanin gine-gine ne a Jabi yake neman babban injiniya. Shekarun nan ne da Abuja ta tashi haiƙan, duk inda ka waiga bene ne yake tsirowa. Mai riƙe da kujerar ya ajiye aiki bagatatan ana tsaka da wani dogon gini a Karu, ko sallama bai yi ba. Kamfanin ya ce ba ruwansa da digirin kowa tukuna. Lissafin wasa ƙwaƙwalwa ɗaya za a bayar, wanda ya ci shi ne da aiki.

Lissafin kuwa na tankin ruwa ne a saman bene, zaune kan ginshiƙai huɗu. An faɗi tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, an faɗi nauyin ruwan in ya cika, an faɗi ƙarfin kowane ginshiƙi. Shin za su ɗauke shi?

Dariya ta kusa ƙwace wa Nazir. Ya ɗauki nauyin da aka bayar, ya raba huɗu, ya rubuta cewa za su ɗauka har da rara. Don kada amsar ta fito tsirara, ya yi mata ado da dogayen ƙa'idoji.

Da ya ɗaga kai, sai ya ga Zuhra, wadda suka yi aji ɗaya a Zariya, ta ƙura wa takardarta ido. Can ta miƙe. Ta ɗan tsaya kusa da shi kamar mai son magana, ya yi maza ya sa hannu ya rufe aikinsa. Ta wuce wurin Mista Andrew, manajan da ke kula da jarrabawar, ta raɗa masa wani abu. Ya yi murmushi, ya karɓi takardar, ya nuna mata ƙofa.

Daga nan aka shiga tashi ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya je ya yi raɗa, a gode masa, a sallame shi. Nazir ya bi su da kallon banza. Wai waɗannan ne injiniyoyin ƙasa, rabawa huɗu ta kore su.

Da ɗaki ya watse, Andrew ya karanta amsarsa a tsanake.

"Malam Nazir, ba ka ga komai a tambayar nan ba?"

"Na ga sauƙi, oga."

"Irinka muke nema," in ji Andrew, ya miƙa masa hannu.

A ranar aka nuna masa ofis mai na'urar sanyi, aka ba shi makullin mota. Zanen ginin Karu yana kan tebur, ana jiran sa hannunsa ranar Litinin. A hanyarsa ta fita ya hangi Zuhra a bakin tasha tana jiran mota. Ta dube shi wani iri, shi kuwa ya kira abin hassada, ya ɗaga gilashi ya wuce.

A daidai lokacin Andrew yana kan waya da mai kamfanin, Alhaji Kure.

"Ranka ya daɗe, an dace. Nauyin ruwan nan da muka rage rabinsa da gangan, duk sun auna tankin sun gane ginin rushewa zai yi, na sallame su. Mutum ɗaya ne bai duba ba, shi zai sa mana hannu a zanen Karun da na baya ya ƙi sa wa hannu."