Ido a Bayan Labule

"Anti, ɗauka mana kafin ya farka," in ji mai jegon, tana gyara wa jaririnta hula.

Na ɗaga sabuwar kyamarata. Kyanta da rashin nauyinta suka sa na saye ta, amma maɓallanta sun yi wa yatsuna ƙanƙanta. Koren akwatin da ke bin ido a gilashinta ya ƙi zama kan jaririn. Sai komawa yake can ƙasan labulen da ke bayansu.

Gabana ya faɗi. Mu uku ne kaɗai a shagona na ɗaukar hoto. Na kira wanda ya sayar min da kyamarar a waya ina raɗa.

"Ba ta kama komai sai ido mai rai," ya ce. "Ku fita yanzu!"

Na finciko mai jegon da jaririnta muka yi waje. Maƙwabta suka shiga da sanduna neman ɓarawo.

"Anti, wace alama ce a saman gilashin?" wanda ya sayar min da kyamarar ya tambaya ta waya.

"Kamar kan dabba."

"To yatsanki ya murɗa maɓallin. Ba idon mutum take nema ba."

Daga ciki wani tela maƙwabcina ya kwarma ihu: "Ku ja baya! Maciji ne!"