Ciyawar Roba a Gidan Gogo

Yusrah ta fara ganin Suhaib ne a wata damina, a ƙofar gidan da yake zaune a Limawa, keken guragunsa ya kafe a taɓo har rabin taya. Ya ɗaga wani buhun tsofaffin littattafai sama da kansa don kada su jiƙe, shi kuwa ruwa na dukansa. Ta tura shi ya fita. Ya ba ta aron littafi ɗaya, bangonsa a yage, ta karance shi cikin kwana biyu ta koma karɓar wani.

Shekara uku ke nan. A cikinsu ta san ƙafarsa ta hagu ta tafi ne ranar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Ta kuma san tsakar gidan Gogo, gwaggonsa da ta riƙe shi, yumɓu ne zalla: ruwa in ya sauka sai ya kwanta kamar a kwano. Daga Yuni zuwa Satumba, Suhaib ba ya iya kai kansa ko bakin zaure.

Da aka kwantar da shi a asibiti kwana huɗu don gyara dungun ƙafar, Gogo ta tare a can, ta bar wa Yusrah makulli. Suka dawo suka tarar da tsakar gida kore shar, an shimfiɗe ciyawar roba daga bango zuwa bango. Yusrah ta ce kyauta ce, ta samo wanda ya iya aikin. Suhaib ya zagaya gidan sau bakwai a kekensa yana dariya. Ita tana tsaye a gefe, hannunta a cikin mayafi.

Ruwan farko ya sauka, ya ɓace ta 'yan hudojin da ke jikin ciyawar. Gogo ta tafa hannu.

"Wannan ciyawa yana shan ruwa kamar raƙumi!"

Daga ranar ta daina wahalar kai ruwa kwata. Ruwan wanke-wanke, ruwan kifin tafkin Njuwa da ta fere, duk nan take watsawa, ya shige, sama ya bushe tas. Da Sallah ta zo, babu inda za a haƙa ramin jini kamar yadda aka saba, sai aka yanka ragon layya a kan ciyawar. Aka wanke tumbi a wurin, aka bi da bokiti uku. Ko ɗigo bai nuna ba.

Bayan mako biyu ƙasa ta fara magana. In an taka, sai ta lotsa ta yi tsuwwa, wani baƙin ruwa ya ɓulɓulo tsakanin yatsu. Ƙarni ya kama labule, ya kama tuwo, ya shiga har cikin littattafai. Ƙudaje masu koren baya suka mamaye igiyar shanya. Maƙwabta suka koma gaishe da Gogo daga zaure.

Yusrah na zuwa kullum da la'asar, tana shaƙar iska ta baki. Ƙyamar mai aikin ta fi ta warin cika mata ciki. Mai aikin bai kwashe yumɓun ba. Bai zuba tsakuwa ba, bai bi da yashi ba, bai sa bututun da zai fitar da ruwa waje ba. Ya ga hudoji ya ɗauka ruwa na da inda zai je. Ya rufe ƙazanta da kyau, ya karɓi godiya.

Ranar Litinin tayar keken ta nutse a tsakiyar gidan, ciyawar ta zame, Suhaib ya kife. Bandejin dungun ya sha baƙin ruwan nan. Yusrah ta wanke masa ciwon da ruwan zafi da gishiri, bai ko yi tsaki ba. Da ta gama ya ce:

"Ba ni lambar mutumin nan."

"Wayarsa ba ta shiga, Hamma," in ji Yusrah. Haka take kiransa, wato yaya.

"Haka kika ce wancan makon." Ya dube ta. "Ranar Juma'a kawunnaina za su je gidanku neman aure. Ba na son su je alhali akwai abin da kike ɓoye mini. In ɗan'uwanki ne, faɗa. Zan iya zama da ƙafa ɗaya, amma ban iya zama da rufa-rufa ba."

Gogo ta leƙo daga kicin, ta toshe hanci da gefen zani. "Ko wane ne shi, Allah ya sa ya kwana a kan aikinsa."

Yusrah ta miƙe. Ta wuce kai tsaye gindin bangon gabas, ta durƙusa, ta sa yatsa a inda shimfiɗa biyu suka haɗu, ta ɗaga. Ƙarƙashin ya yi kumfa, jini da laka da ɓawon kifi sun zama kunu, fararen tsutsotsi na iyo a ciki. Ba ta saki ba, ta riƙe ta a buɗe har ya gama gani.

Sau tara ta shirya maganar a hanya, sau tara tana komawa gida da ita. Yau ta juyo, laka na ɗiga daga hannunta.

"Hamma, na yi maka alkawari. Kafin Juma'a zan ɗage ta duka, in haƙe yumɓun, in zuba tsakuwa, in sa bututu. In ka ga dama bayan nan ka tura su, in ba ka gani ba ka hana. Cire ta ba zai ba ni wuya ba. Na san inda kowace ƙusa take, ni na kafa su."