Malamin da Ya Hau Dutse Neman Ƙugiyar Harafi

Bari in kawo maka wani misali, kai ma ka auna da kanka.

An yi wani malamin Hausa a wata makarantar ƙauye, aka ɗora masa shirya jarrabawar ƙarshen zango ta makarantun yankin duka. Yana da wata manhajar tsara rubutu a kwamfutarsa, irin wadda kake zuba mata kalmomi ita kuma ta fitar maka da shafi tsaf kamar na littafi. Duk sanda ta cije masa, intanet yake shiga ya tambaya, kamar mai ɗiban ruwa a rijiyar maƙwabci. To, ranar da motar kasuwa za ta kai aikin maɗaba'a a birni, da safe ya buɗe shafin don ya yi masa duban ƙarshe, sai ya ga ɓarna. Duk inda ƙ take, ko ɗ, ko ɓ, wani ɗan akwati ne zaune, wayam, ba komai a ciki. Ya lalubo waya, babu sabis ko ɗigo. Ashe iskar da aka yi jiya ta kayar da dogon ƙarfen sabis na garin. Shugabar makarantar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka sa k kawai mana, yara za su gane." Ya nuna mata tambaya ta farko, wadda ke cewa a bambance ƙarya da karya. "To, mota dai ba ta wuce la'asar," in ji ta.

Malam ya ari keke ya nufi dutsen bayan gari, inda aka ce wani lokaci ana tsintar sabis. Ya hau yana haki, ya ɗaga waya sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Sabis ɗin ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa, shafin intanet ya fara buɗewa ya tsaya a kan takensa kawai. Rana tana ta karkata. Ba abin da yake hangowa sai yara jere a aji sun zuba wa akwatuna ido, da manyan malaman yanki suna tambayar wane ne ya yi wannan aika-aika. Bayan azahar ya sauko hannu rabbana, riga sharkaf da gumi, ya tarar cajin kwamfuta ma ya yi ja. Ya zauna ya tasa ta a gaba. Babu inda bai taɓa ba sai wata 'yar kalma a can gefen sama, wurin neman taimako, wadda bai taɓa kulawa da ita ba don ya ɗauka ita ma intanet za ta tura shi. Ya danna, ba don yana sa rai ba. Sai ga littafin jagora sukutum ya buɗe, babi-babi, wanda ya zo tare da manhajar tun ranar da ya saka ta. Ya nemo babin haruffa. Bayanin bai fi layi kaɗan ba: zubin rubutun da ya zaɓa ne ba shi da waɗannan haruffa, ga yadda ake sauya shi da wani. Ya sauya. Akwatunan suka ɓace, kowace ƙugiya ta lanƙwashe a mazauninta, ƙarya ta rabu da karya. Daidai nan direba ya danna hon a bakin makaranta yana cewa, "Malam, tumatir ɗin mutane na ruɓewa fa!" Ya fito a guje da takalmi wari ɗaya ya miƙa aikin, mota ta tashi. Sai a lokacin ya ji zogin ƙafarsa da dutse ya yanka.

Ka ga, rabin yini ya yi a kan dutse yana roƙon sama abin da ke ajiye kan teburinsa. Ai dama Hausawa sun faɗa: ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.