Hannun da Dalhatu Ya Dunƙule

Sau uku Bilƙisu tana zuwa ƙofar Hajiya Rabi a unguwar Jaradiya da ke Riyad, sau uku ana mayar da ita daga bakin ƙofa. A na ukun ta durƙusa kan matakala, goyonta yana kuka.

"Inna, kalma ɗaya ce. Ki ce wa kafili, uban gidan mijina, kin yafe, ya sabunta masa iƙama, takardar zama. Shekara goma sha tara Dalhatu yana garin nan."

"Shekara ashirin da shida Amir ya yi a duniya," in ji Hajiya Rabi. "Tashi mini daga ƙofa."

Amir shi kaɗai ta haifa. A Riyad ya tashi, Larabcinsa ya fi Hausarsa, kuma tun yana yaro ba abin da ke shiga kansa sai mota. Wani attajiri mai ƙungiyar tseren motoci ya ɗauke shi direba. Ita ba ta taɓa son sana'ar ba. Mutum da hankalinsa ya shiga akwatin ƙarfe yana zagaya fili ɗaya kamar an sa masa hannu? Amma ɗa ne, sai ta bi shi da abin da take da shi. Ba jakarsa, ba matashinsa, ba aljihun rigarsa da ba ta cusa 'yar kwalbar turare da ta cika da zamzam ba, jan zare ɗaure a wuya.

"Ummi, a ko'ina na yarda," yakan ce yana dariya, "ban da motar tsere. Ko tsinke ba a bari a ciki."

Kakar tseren bara ta zo masa da sa'a. Ya ci na farko, ya zo na biyu sau biyu, saura tsere ɗaya ya ɗauki kofi. Da safiyar ranar Hajiya Rabi ta kai musu fura a garejin Gubaira, kafin a ɗora motar a tirela. Dalhatu ne babban makanikin, shi ke taɓa birki da taya, ba wani ba. Ta ce a ba ta wuri ta tofa wa motar addu'a. Ya kori yaran aiki, shi ma ya fita ya ba ta baya, don girmamawa.

A zagaye na tara, a kwanar da ta fi kowace tsanani, motar ba ta rage gudu ba. Waɗanda ke sauraro ta rediyo sun ji Amir ya ce, "Birki! Birki!" Daga nan sai katanga.

Hajiya Rabi tana rumfar iyalai, ta gani da idonta. Dalhatu ne ya fara isa. Da aka zaro Amir, ya sake tura rabin jikinsa cikin hayaƙi, wajen ƙafafun direba. Ya fito da hannu a dunƙule, ya sa a aljihu.

Masu bincike suka kwance motar, suka ce birki lafiyarsa ƙalau. A takarda suka rubuta, ita kuma ba karatu take ba, amma ido gare ta. Mai gaskiya me zai ɓoye a aljihu? Aka tambayi Dalhatu, ya ce ba komai. Aka sake tambayarsa gaban kafili, wato attajirin nan, ya sunkuyar da kai. Attajirin ya ji kunyar uwa mai makoki, ya ce magana tana hannunta: in ta yafe, Dalhatu ya ci gaba da aiki, in ba ta yafe ba, fita ba dawowa.

Wata takwas ba ta yafe ba. Ta hana matan unguwa sayen ƙosan Bilƙisu. Dalhatu ya zo gaisuwar Sallah da ƙonannen hannunsa, ta sa aka watsa ruwa inda ya tsaya. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, wannan kuma shi ya fi ƙona mata rai. Shirun mai laifi, in ji ta.

Ranar tafiyarsu ta sa direban maƙwabta ya kai ta Filin Jirgin Sarki Khalid. Ba rakiya ta je ba. So take ta ga bayansa.

Ta same su a layin awon kaya, da akwatuna ɗaure da igiya. Dalhatu ya gan ta, ya russuna.

"Inna, ki yafe mu."

"Ba ni ce uwarka ba. Je ka, ka mutu da abin da ka ɓoye. Gobe ƙiyama hannun nan zai yi magana."

"Allah ya ba ki haƙuri," ya ce, ya juya ya tura amalanken kaya.

Bilƙisu ba ta juya ba. Idonta ya kaɗa. Ta zura hannu a jakar mijin.

"Bilƙisu!" Dalhatu ya daka mata tsawa. "Na rantse ba za ta gani ba!"

"Kai ka rantse, Malam. Ni ban rantse ba." Ta kama hannun tsohuwar, ta danna mata abu a tafi, ta rufe yatsun da ƙarfi. "Kin ce hannu zai yi magana, to ga shi ya yi. Wannan ya ciro, a maƙale ƙarƙashin abin taka birki. Shi ya hana birkin sauka."

Ta gyara goyonta ta bi mijinta, ƙofa ta haɗiye su.

Hajiya Rabi ta buɗe hannu a hankali. 'Yar kwalbar turare ce, hayaƙi ya baƙanta ta, zamzam bai ƙare a ciki ba, a wuyanta kuma ga jan zaren da ta ƙulla da kanta, safiyar da ta tura ta ƙarƙashin kujerar ɗanta.