Numfashin Malam

Da mai lamba tara ya fara busa saksofon a bayan labule, sai tsohon malamin ya gane ɗalibarsa. Ana tsakiyar waƙa aka saci numfashi inda bai kamata ba, aibin da shi kansa ya tsufa da shi a makarantar kiɗa ta birnin Liyon.

Gurbi ɗaya ne a ƙungiyar makaɗan birni, alƙalai uku har da shi, labulen kuwa don hana son kai aka rataya shi.

"Wa ya koya wa wannan haki kamar jaki a hawan tudu?" in ji alƙaliyar da ke gefensa, mai goge.

"Salo ne, Madam. Ku masu goge me kuka sani game da huhu?"

Ya auna abin a ransa. In ya zaɓe ta, ya ci amana. In ya ƙi, ya hukunta ta kan laifinsa. Ya ga cin amanar ya fi sauƙin haɗiya. Ya yi ta gardama har alƙali na uku ya gaji, ya bi shi.

Aka yaye labule. Wani ƙato mai gemu ya fito yana washe baki, ya ce faifan busar malam ne ya raine shi.

Ɗalibar na bakin ƙofa, rungume da jakar saksofon. Ita ce lamba huɗu, wadda ya kayar tun da safe yana hamma.

"Malam," ta ce, "ai kai ka ce in daina wannan numfashin. Na daina."