Abin da Iya Kande Ta Gani

Ga ta nan, ga ta nanku! Ku ce ta zo mana, jikokina. Yawwa.

A wani zamani da ke gabanmu, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ido ba shaida ba ne, sai abin da tabarau na gwamnati mai ɗaukar hoto ya ɗauka. Kowa da nasa a fuska yake yawo.

Ran nan Ladidi, lauya mai gabatar da ƙara, ta yi sallama gidan Iya Kande, tsohuwar da ta ga Bawa ya sare maƙwabcinta Tanimu da gatari.

"Iya, ina tabaranki lokacin?"

"Yo 'yar nan, alwalar la'asar nake yi. Da gilashi ake wanke fuska? Bisa turmi na kife shi."

"Bawa ya san haka," in ji Ladidi. "Duk kisan da ya zo hannuna bana, ana kiran salla aka yi shi, lokacin da kowa ya cire tabarau."

"Wato sakinsa za a yi?"

"Gobe ma kuwa. Amma ki zo kotu ki nemi magana, su hana ki, a rubuta. Sai mun faɗi a kotun ƙasa zan sami hanyar hawa ta sama."

Iya ta jawo mayafinta. "Ƙarfe nawa?"

Aka saki Bawa, ya koma gonarsa. Sau biyu ana korar ƙarar Ladidi tana komawa, Iya kuwa kowane zama tana benci na gaba. A shekara ta huɗu alƙalan kotun ƙoli suka ce tsohuwa ta taso ta faɗi abin da ta gani. Bawa ya ƙare a kurkuku, Ladidi ta ci gaba da aikinta, Iya ta rasu da damina.